Tambaya da Amsa: Sanya Wufa a Ƙarƙashin Kujerar Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010, kuma aiki yana yawan kai ni Daura daga Katsina. Ina so in ƙara wa sautin motar kauri, amma ba na son babban akwatin wufa da zai cinye mini but, domin ina ɗaukar kaya. Na ga ƙanana masu shiga ƙarƙashin kujera a kasuwa, har da wadda aka rubuta wat 1000 a kwalinta. Mai wayarin ɗin da na nuna wa ya ce aikin rabin awa ne, zai jawo wuta daga bayan rediyo. Shin hakan daidai ne, kuma me ya kamata in lura da shi? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zaɓin da ka yi na ƙaramar wufa mai haɗe da amfilifayarta ya dace da buƙatarka, amma shawarar jawo wuta daga bayan rediyo ban yarda da ita ba, kuma duk wanda ya ce zai gama wannan aiki cikin rabin awa, to akwai abin da ya yi niyyar tsallakewa. Tura akwati ƙarƙashin kujera ba shi ne aikin ba; aikin yana ga waya, inda ta taso, inda ta bi, da abin da zai yanke wuta idan ta sami matsala.

Kafin ka biya kuɗi, ka san abin da za ka samu. Sifikun ƙofa suna fitar da murya da sautin kalangu sarai, amma amon tambari mai ratsa ƙirji ya fi ƙarfinsu, shi ne kuma wufa take cikewa, wato sautin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100. Wadda ke ƙarƙashin kujera, mai faɗin inci 8 ko 10 a cikin siririn akwati, za ta cike wannan giɓi a cikin mota, amma ba za ta girgiza gilashin maƙwabta ba. Idan kuwa abin da ka fi saurare a hanyar Mashi shi ne labaran rediyo da tafsiri, kuɗinka sun fi amfani a wajen sauya sifikun ƙofa, domin kusan duk muryar ɗan Adam tana sama da iyakar da wufa ke aiki.

Batun wat 1000 kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Juya akwatin ka dubi fis ɗin da ke jikinsa. Mota tana ba da wajen bolt 14 idan inji yana aiki, saboda haka akwatin da fis ɗinsa amfiya 10 ne ba zai iya jan abin da ya wuce wat 140 ba, kuma daga ciki ma wani kaso zafi yake zama. Lambar da ake dogaro da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da akwatin ke iya bayarwa a kai a kai, kuma a irin waɗannan ƙananan akwatuna yawanci tana tsakanin wat 50 zuwa 150. Kenwood KSC-SW11, alal misali, wat 75 take bayarwa a ma'aunin RMS, kaurinta kuma santimita 7 ne. Ka auna tsayi da faɗin wurin da ke ƙarƙashin kujerarka da tef, ka tura kujerar gaba da baya har ƙarshe kana dubawa, sannan ka bar sarari na yatsa biyu a sama da gefe, domin jikin akwatin ne ke fitar da zafin amfilifaya, kuma kowa ya san yadda cikin mota yake a Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40.

Ƙarƙashin kujera ba fili ba ne kamar yadda ake zato. A motoci da yawa akwai bakin bututun da ke kai iska ga ƙafafun na baya, wanda bai kamata a toshe shi ba. Akwai kuma wayoyi masu rawayen soket, waɗanda na jakar iska ne da na bel, kuma waɗannan ba a yanka su, ba a jona komai a kansu, ba a kuma gwada su da fitilar gwaji. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga wajajen 2006, waɗanda su ne da yawa daga cikin na hannun da ke shigo mana, suna da na'urar gane ko akwai mutum a kujerar mai zaman banza, kuma akwatin da ya tokare kujerar daga ƙasa yana iya ruɗa ta. Idan wurin ya matse a can, ƙarƙashin kujerar direba ya fi, muddin an ɗaure akwatin sosai, domin wanda aka ajiye sakaka yana iya zamewa gaba a lokacin taka birki ya shiga ƙarƙashin ƙafarka.

Matakin farko na aikin shi ne a kashe mota, a zare makulli, a kwance kan batir na nagatif. Kamfanin Toyota yana umartar makanikai su jira aƙalla daƙiƙa 90 bayan haka kafin su taɓa soket ɗin jakar iska, Honda kuma minti 3 take cewa, saboda na'urar tana riƙe ragowar wuta. Idan an ciro kujera don a sami sarari, kada a kunna makulli alhali soket ɗinta a cire yake, in ba haka ba fitilar jakar iska za ta kama a dashbod, kuma a wasu motocin ba za ta mutu ba sai an kai wa mai kwamfuta.

Wayar fozitif daga kan batir take tasowa kai tsaye. Wayoyin da ke bayan rediyo sirara ne, an auna su ne daidai da abin da rediyo ke ci, kuma idan aka ɗora musu ƙarin amfiya 10 ko 15, ko dai fis ɗinsu ya riƙa ƙonewa, ko kuma wani mai gaggawa ya musanya shi da babba, daga nan sai wayar ta riƙa zafi a cikin dashbod inda ido ba ya gani. Ga irin wannan wufa, waya mai lamba 10 ta wadatar idan ta jan ƙarfe ce zalla, mai lamba 8 kuma ta fi kwanciyar hankali. A wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. A nan ne ake cutar mutane a kasuwa. Yawancin kayan wayarin masu araha alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, roba ce mai kauri a waje, zaren ciki kuwa kaɗan. Alminiyam yana ɗaukar wajen kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, yana kuma saurin cin tsatsa a bakin haɗi. Ka sa a yanka bakin wayar a kankare zare ɗaya da reza a gabanka: idan fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Araha ba ta ado, amma idan ita kaɗai ka samu, ɗauki wadda ta fi kauri da mataki ɗaya.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa da idonka shi ne fis na kusa da batir. Masu wayarin da yawa suna cewa ai akwai fis a jikin akwatin, don me za a ƙara wani. Na jikin akwatin akwatin yake karewa, ba ya kare mita uku ko huɗu na wayar da ta taso daga batir ta ratsa ƙarfe ta bi ƙarƙashin kafet. Batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma idan robar wayar ta goge ta taɓa bodi a wani wuri, wayar za ta yi ja ta kama kafet cikin daƙiƙoƙi, ko mota tana tafiya ko tana ajiye a ƙofar gida cikin dare, domin wannan waya kullum da wuta a cikinta. Saboda haka a sa gidan fis a kan wayar, kada nisansa daga kan batir ya wuce santimita 45, kuma in ya fi haka kusa ya fi kyau. Fis na amfiya 20 zuwa 30 ya isa wannan aiki. A ɗaure gidan fis ɗin a wuri tsayayye nesa da salansa da bel ɗin inji, kuma kada a sa fis ɗin a ciki sai an gama komai. Ranar da ya ƙone, a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari kamar yadda wasu suka saba.

Daga ɗakin inji zuwa cikin mota, wayar za ta ratsa bangon ƙarfen da ke bayan dashbod. A nemi ƙofar da kamfani ya riga ya yi mai toshiyar roba, a huda robar a gefe ba tare da an taɓa damin wayoyin da ke tsakiyarta ba, a zura wayar, sannan a liƙe wurin don kada ruwan damina ya biyo ta. Idan dole sai an huda sabon rami, a duba ɓangarorin biyu tukuna, a kuma sa masa zoben roba, domin bakin ƙarfe da girgizar hanya su ne ke yanka waya a hankali. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a biyo da ita ta bakin ƙofa ko ta gefen bonet, inda za a riƙa matse ta duk lokacin da aka rufe. A ciki kuma ta yi nesa da birki da totur da sandar sitiyari, ta bi ƙarƙashin robar dokin ƙofa, ta shiga ƙarƙashin kafet, ta fito daf da akwatin. A kula ƙwarai da layin ƙarfen da kujera ke gudu a kansa. Waya ba ta haye shi, ba ta kuma kwanciya inda zai danne ta, kuma bayan an gama a sake tura kujerar gaba da baya ana kallo.

Wayar nagatif gajera ce, kada ta wuce rabin mita, kaurinta kuma daidai da na fozitif. A nemi noti mai shiga ƙarfen bodi kai tsaye, a goge fentin wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a matse bakin wayar a cikin zoben ƙarfe, a ɗaure tam, sannan a shafa ɗan giris a sama saboda tsatsa. Naɗa zaren waya a wuyan noti ba haɗi ba ne. Ban so a yi amfani da notin bel ko notin ƙafar kujera, na farko domin su ne ke riƙe rai a lokacin haɗari kuma bai kamata a sa wani abu a tsakaninsu da ƙarfe ba, na biyu domin yawanci suna da fenti da maganin ɗauri da ke hana wuta wucewa sosai. Wanda zai huda ƙasan mota don ɗaure akwati ko waya, ya leƙa ƙarƙashi tukuna, domin bututun mai da na birki ta nan suke bi. A Honda Jazz ma tankin mai gaba ɗaya a ƙarƙashin kujerun gaba yake.

Saura wayoyi biyu marasa nauyi. Ta farko ita ce ta sauti: idan ka sauya rediyo zuwa na kasuwa, akwai ramukan RCA a bayansa, wato inda sauti ke fita zuwa amfilifaya, sai a jawo wayarsu ta tsakiyar mota ko ta ɗaya gefen, kada ta kwanta jere da wayar batir. Ta biyu ita ce siririyar da ke tayar da akwatin, wadda ke shiga inda aka rubuta REM. A bayan rediyon kasuwa ita ce shuɗiya mai farin layi. Shuɗiya zalla ta eriya ce, kuma a rediyo da yawa wutarta tana ɗaukewa da zarar ka bar tasha ka koma kan fulash ko Bluetooth, sai wufa ta yi shiru a rasa dalili.

Bayan an mayar da kan batir an sa fis, sai saiti. Maɓallin LPF, wanda ke tsayar da iyakar sautin da wufa za ta fitar, a ajiye shi wajen Hz 80. Maɓallin GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita akwatin ne da ƙarfin rediyo: a mayar da shi ƙasa, a buɗe rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga shi a hankali har amon ya cika, a tsaya kafin ya fara karkarwa. Maɓallin PHASE a gwada 0 da 180 daga kujerar direba, a bar shi inda amon ya fi kauri. Aiki irin wannan, idan an yi shi da natsuwa, yana cin awa biyu zuwa uku.

TAMBAYA: Malam, tun da aka sa mini wufa nake jin wani siririn kuka a sifika, idan na taka totur ya ƙaru, idan na saki ya ragu. An ce in sayi tacewa in sa. Daga wani direban haya a Mai'aduwa.

AMSA: Malam direba, kukan altaneta ne kake ji, kuma a mafi yawan lokuta wayar nagatif ce sanadi, don haka kada ka fara da sayen komai. Ka sa a kwance inda aka ɗaure ta a bodi, a goge wurin har ƙarfe, a mayar a matse. Idan mai wayarin yana da mita, ya ɗora baki ɗaya a kan nagatif na batir, ɗaya a kan GND na akwatin, wato inda wayar nagatif ta shiga, alhali kiɗa yana tashi. Abin da ya wuce bolt 0.2 zuwa 0.3 yana nuna haɗin bai yi kyau ba. Idan kukan bai tafi ba, a zare wayar RCA daga jikin akwatin a saurara. In ya yi shiru, to ta wayar sauti ko ta rediyo yake shigowa, sai a shimfiɗa wata RCA a saman kujeru a gwada, domin mai yiwuwa ta ciki an kwantar da ita tare da wayar batir ko kuma noti ya huda ta. A duba nagatif na rediyon shi ma, a kuma rage GAIN, domin wanda aka murɗe har ƙarshe yana kumbura kowace ƙaramar hayaniya. Na'urar tacewar da ake jonawa a kan RCA tana iya ɓoye kukan, amma mai araha tana rage kaurin amon da ka biya kuɗi dominsa, saboda haka ita ce ta ƙarshe a layi. Idan duk wannan bai yi ba, a gwada altanetar kanta, domin idan ɗaya daga cikin diyod ɗinta ya mutu tana yin irin wannan kuka, kuma ba da jimawa ba za ta fara kasa cajin batir.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, rediyon motata na kamfani ne, ba shi da ramukan RCA, kuma ba na so a cire shi. An sa mini wufa tana aiki, amma idan motar ta kwana biyu ba a tayar ba sai an tura. Daga wata ma'aikaciyar lafiya a Daura.

AMSA: Hajiya, ba sai an cire rediyonki ba. Kusan duk waɗannan akwatuna suna da mashiga ta biyu da ke karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin sifika, kuma da alama ta nan aka haɗa miki. Matsalar ita ce rediyon kamfani sau da yawa ba shi da shuɗiyar wayar tayarwa, sai mai wayarin ya ɗauki gajeriyar hanya, ya haɗa REM da wayar batir a jikin akwatin. Sakamakon haka amfilifaya ba ta taɓa kashewa, tana tsotsar batir dare da rana ko da ba a jin komai. Gane wannan ba wuya: ki zare makulli, ki jira minti ɗaya ko biyu, ki leƙa ƙarƙashin kujera, idan ƙaramar fitilar akwatin tana ci, to an sami mai laifi. Gyaran shi ne a cire wannan haɗi, a jawo REM daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar na soket ɗin cajin waya idan naki yana mutuwa tare da makulli, a kuma sa masa ƙaramin fis na amfiya 1 zuwa 3. Wasu akwatunan suna da maɓallin da ke sa su tashi da kansu idan sun ji sauti, kuma idan naki yana da shi, ba ya buƙatar wannan waya. Ki sa a auna batirin bayan an yi masa caji ya huta: lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6, kuma wanda aka sha zuƙewa har ƙasa sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Tun da kuma akwatin a daɓen mota yake, ki gargaɗi yaran wankin mota kada su watsa ruwa a kafet, kuma a lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke taruwa a jikinsa, domin tana hana shi huce zafi.

TAMBAYA: Malam, Keke Napep nake ja a cikin garin Katsina. Zan iya sa irin wannan a ƙarƙashin kujerar fasinja? Daga wani matashi a Ƙofar Marusa.

AMSA: Samari, zai yiwu, amma cajar Keke da batirinta ƙanana ne idan aka kwatanta da na mota, kuma yawancin aikinka a cunkoso ne inda inji ke tafiya a hankali, caji kuma ya yi rauni. Kafin ka saya, ka sa a ɗora mita a kan batir, a kunna fitilu, a ɗan taka inji. Idan da ƙyar take kai bolt 13, babu rarar da za ka ciyar da amfilifaya, kuma za ka riƙa sauya batir. Idan akwai rara, ɗauki mafi ƙanƙanta, wadda fis ɗinta bai wuce amfiya 10 ba, ka sa fis a kusa da batir kamar yadda na faɗa wa mai Corolla, ka kuma sa makunni a inda hannunka ke kaiwa. Injin Keke a baya yake, daf da kujerar fasinja, don haka wayar ta yi nesa da salansa da bututun mai, akwatin kuma a ɗaga shi daga daɓe saboda ruwan Agusta da ke shigowa ta gefe. Ka kuma tuna kai ne kake yini a cikin wannan ƙara ba fasinja ba: ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Idan sai fasinja ya ɗaga murya ko ya taɓa kafaɗarka kafin ka ji ya ce a sauke shi, to hon ɗin motar da ke bayanka ma ba za ka ji shi a kan lokaci ba, sai ka rage.